Rumbun Ƙarƙashin Gona: Ra'ayina Game da Itatuwan Birnin Tsaba

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin maganar iska da itatuwa a cikin wannan mujalla, wadda aka saba cika ta da nahawu da adabi da al'ada. To, a yi mini haƙuri. Kalma ce ta jawo ni ga wannan magana, kuma kalma ai aikinmu ce. Sau da yawa idan aka buɗe rediyo sai a ji mai karanta labarai yana cewa ƙasashen duniya sun taru domin su rage "gurɓatacciyar iska", wani ma ya ce "iska mai guba". Iskar da ake nufi kuwa ita ce wadda masana kimiyya ke kira kabon dayoksaid, watau wadda ni da kai muke fitarwa duk sa'ad da muka yi numfashi, kuma wadda kowane tsiro a bayan ƙasa yake ci. Yawanta ne ya zama illa, kamar gishiri idan ya zarce a miya. Manomin da aka koya wa cewa guba ce, yaya za a yi ya yarda cewa da ita aka gina geron da ke cikin rumbunsa?

Ita kalmar kabon asalinta daga Latin take, ma'anarta kuwa gawayi, domin mafi yawan abin da ke cikin gawayi wannan sinadari ne. Saboda haka a cikin wannan maƙala zan kira shi sinadarin gawayi, iskar kuma in kira ta iskar gawayi. Na san akwai mai cewa wannan suna zai rikita ta da iskar nan da ke kashe masu kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, alhali waccan 'yar'uwarta ce, ba ita ba ce. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya zo da sunan da ya fi nawa zan karɓa da hannu biyu. Kafin nan dai bari mu yi aiki da wanda muka samu.

Ga yadda abin yake. Ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta cikinsu yake shaƙar iskar gawayi. Saiwa tana kawo ruwa daga ƙasa, rana kuma tana ba da ƙarfi, sai ganyen ya haɗa iskar da ruwan ya yi wani irin sukari, ya saki iskar da mu muke shaƙa mu rayu. Da wannan sukari ne tsiro ke gina kara da reshe da ɓawo da saiwa da 'ya'ya. Idan aka busar da itace sarai aka auna shi, kusan rabin nauyinsa sinadarin gawayi ne, kuma dukansa daga sama ya sauko. Watau ƙatuwar kukar nan da ke bakin kasuwa, wadda mutum biyar ba su iya zagaye ta da hannu, jikinta iska ce da ruwa. Itacen da busasshen nauyinsa ya kai tan ɗaya ya cire wajen tan 1.8 na iskar gawayi daga sarari kafin ya kai haka.

Amma wannan rabin labarin ne. Abin da tsiro ya tara ba ya zama a jikinsa har abada. Ganye yakan faɗi, saiwa takan mutu, dabba takan ci ciyawa ta yi kashi, sai gara da wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa su hau kai. Mafi yawa sukan mayar da shi iska ya koma inda ya fito. Kaɗan ne ke saura, ya manne da laka ya zama baƙin nan da ake gani a ƙasar juji ko ta tsohon kango, wanda kowane manomi ya san shi ne ƙarfin gona. Wannan kaɗan ɗin, da yake ya daɗe yana taruwa, ya zama abu mai yawan gaske: masana sun ƙiyasta cewa a cikin zurfin mita ɗaya na ƙasar duniya akwai sinadarin gawayi wajen tan biliyan 1,500, wanda ya fi na cikin sararin sama da na jikin dukan itatuwa in an haɗa su. Babban rumbun ashe a ƙarƙashin ƙafarmu yake.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da wannan rumbu kuwa sananne ne. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar sarari, wajen kashi 280 ne iskar gawayi. A 1958, da wani masani mai suna Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawayi, ya sami wajen 315. A 2024 ta wuce 420. Ita kuwa tana riƙe zafin rana kamar bargo, shi ya sa duniya ke ƙara ɗumi. Daga cikin abin da 'yan Adam ke fitarwa kowace shekara ta ƙona man fetur da kwal da gas da daji, tekuna suna shanye wajen kashi ɗaya cikin huɗu, tudu kuma da itatuwansa da ciyawarsa yana shanye kusan kashi uku cikin goma. Ba domin wannan ba, da zafin ya fi haka nisa. Wani abin sha'awa a ma'aunin Keeling shi ne, kowace shekara iskar takan kai ƙololuwa a watan Mayu, sa'an nan ta yi ta raguwa har wajen Satumba, domin a watannin ne tsirran arewacin duniya suke ganye suna ci. Daminarmu ma a cikin waɗannan watanni take faɗuwa. Geron Birnin Tsaba yana da nasa ɗan rabo a wannan numfashi, ko da yake babu wanda ya taɓa gaya wa mai shi.

To, bari in dawo gida. Garinmu yana ƙasar Zurmi, a arewacin Jihar Zamfara, inda ruwan sama ke zuwa wata huɗu ko biyar ya tafi. Mafi yawan gonakinmu jigawa ce, sai fadama nan da can. Jigawa kuwa kamar kwando take: ba ta da lakar da za ta riƙe abin da ya ruɓe, rana tana da zafi, gara ba ta barci. Shi ya sa a irin ƙasarmu sinadarin gawayin da ke cikin turɓaya ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari. Duk abin da aka zuba bana, in ba a ƙara ba baɗi, sai ya tafi. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin dukan ra'ayina a kansa ya tsaya. A ƙasashen sanyi ƙasa takan ajiye abin da aka ba ta shekaru aru-aru ko babu mai kula da ita. A wurinmu ajiyar ba ta tsayawa sai da hannun mutum a kai kowace shekara.

Kakanninmu sun san haka, ko da yake da wasu kalmomi suka san shi. A gonar kakana akwai gawo guda biyar, kuma wanda ya kai musu gatari ya nemi faɗa da tsoho. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran: yakan zubar da ganyensa da damina, ya bar rana ta sauko wa shuka, sa'an nan ya yi kore shar da rani, lokacin da kome ya bushe. Saiwarsa tana tara naitirojin, abin nan da muke saye da tsada a buhun takin zamani. Da rani dabbobi sukan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa. Kowa ya ga dawar da ke ƙarƙashin gawo ya san ta fi ta fili. Bayan gawo akwai ɗorawa da tsamiya da kanya da aduwa da magarya, kowanne da dalilin barinsa. Akwai gamba da ake bari a kan iyakar gona domin zana, wadda saiwarta ke nitsewa ƙasa ta zauna shekara da shekaru. Akwai kuma sabara da kalgo da geza, waɗanda ake sassabewa kafin shuka amma ba a tone su, sai su sake tohowa, domin abin da ke ƙarƙashi bai mutu ba.

Sa'an nan akwai taki. Bayan kaka, Fulani sukan sauko da shanu su zauna a gonaki, shanu su ci kara da harawa, su kwana nan su yi kashi, mai gona kuma ya ba makiyayi hatsi ko wani abu bisa ga yadda suka shirya. Idan aka duba da idon kimiyya, wannan sufuri ne: saniya ta ci ciyawar daji da rana, ta kawo sinadarin gawayin da ciyawar ta tara, ta sauke shi a gona da dare. Gabas da mu akwai babban dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa, wanda ya fi murabba'in kilomita 2,000, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa, watau Dumburum da Aja da Tsabre da Shamushalle. A shekarun 1990 masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Giessen ta Jamus sun yi bincike a can, suka rubuta yadda manoman wurin ke riƙe ƙarfin gonakinsu da takin dabbobi da irin wannan ma'amala tsakaninsu da makiyaya. Abin da ke littattafan Turanci ke nan yanzu, alhali a wurin iyayenmu zaman yau da kullum ne kawai.

Ba na cewa da can aljanna ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 aka shiga sare daji domin gyaɗa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa. Jama'a ta ƙaru, gona ta daina hutawa, kara da a da ake bari a ƙasa ya zama abin sayarwa, garuruwa kuma suka buɗe baki suna neman itacen girki da gawayi. Shi gawayi ma ɓarnarsa ta fi yadda ake zato, domin a irin ramin da ake ƙona shi a gargajiyance, kafin a sami buhu ɗaya sai an cinye itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Sauran ya tashi sama. Kirya da marke su suka fi shan wannan wuta. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe wa dabbobi wuraren kiwo, amma a hankali aka yi ta yanka burtali da makiyaya ana mai da su gonaki. Daga nan sai bango ya tsage. Abin da ya biyo baya a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, na kisa da satar shanu da satar mutane, babu wanda ke cikin wannan sashe da zai ce bai ji ba, wasunmu kuwa ba ji kaɗai suka yi ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar da manomi da makiyayi suka daina amincewa da juna, ranar ce gona ta daina samun takinta. Hasarar rayuka ta fi kome girma, amma a ƙarƙashinta akwai wata hasarar da ke tafiya shiru a cikin turɓaya.

A nan ne nake da ja da ra'ayoyi guda biyu da suka yi ƙarfi a tsakanin masu ilmin zamani. Na farko shi ne na masu ganin daji ya zama maɓoyar ɓarayi, saboda haka a yi masa ruwan wuta a share shi, daga baya a sake dasa itatuwa. Na fahimci zafin zuciyar da ke sa mutum ya faɗi haka, ni ma ina da irinsa. Amma mai wannan magana yana ɗaukar daji kamar katangar da za a rushe a sake ginawa. Itacen da ya shekara tamanin yana tara abin da ke jikinsa, wuta takan mayar da shi iska cikin yini ɗaya, sa'an nan ƙasar da ta rasa inuwa ta zama faƙo, ruwa ya riƙa gudu a kanta ba ya shiga. Wanda zai dasa a kan faƙo yana da aiki. Ɓarawo kuma ƙafa gare shi. In an ƙone wannan daji sai ya koma wancan.

Na biyu shi ne na masu ganin maganin kome dashen itace ne. Tun muna firamare muke ganin bikin dashe: a zo da motoci, babban baƙo ya sa ɗan bedi a rami, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a tafa, a watse. Kafin watan Maris awaki sun gama da shi. Babban shirin nan na Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 tare da sanya Zamfara cikin jihohi goma sha ɗaya da zai ratsa, ya ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Buri ne mai kyau, kuma masu shirin su kansu sun daɗe da gane cewa jera dashe kaɗai ba zai kai su ba. Ɗan itacen da aka raino a leda saiwarsa ba ta fi taƙi ɗaya ba, ga shi zai fuskanci rani na wata bakwai. Kututturen sabara ko na gawo da ke cikin gona kuwa saiwarsa ta riga ta yi shekaru tana shan ruwan ƙasa.

Misalin da ya isa hujja yana nan arewa da mu, tsallaken iyaka, cikin mutanen da harshenmu ɗaya, abincinmu ɗaya. A wajen 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara rassa ne na manyan saiwoyin da ke raye a ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma su zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su datse sauran. Abin da mutanen can suka sa wa suna sassabin zamani ke nan. Da fari an yi musu dariya, an ce gonarsu ta ƙazanta. Amma da aka ga itacen girki ya samu a kusa, dabbobi sun sami ganye da rani, iska ta daina binne shuka da rairayi, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Bayan wajen shekara ashirin, hotunan tauraron ɗan Adam da binciken ƙasa suka nuna cewa abin ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba gandun raino ne ya yi wannan ba, wuƙa ce da lauje. Kuma akwai abin da ya taimaka ƙwarai wanda ya kamata hukumominmu su duba: a hankali manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba don ya sari reshensa. Mutum ba ya rainon abin da ya san za a hana shi.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, mu ɗauka itatuwanmu ne za su ceci duniya. A 2023 wasu masana suka buga sakamakon ƙidayar da suka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, inda suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a busassun ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya. Sun sami itatuwa biliyan 9.9, masu ɗauke da sinadarin gawayi wajen tan miliyan 840. Adadi ne mai ban mamaki, amma duniya tana fitar da wajen tan biliyan 10 kowace shekara ta ƙona mai da kwal da gas. In ka yi lissafi, duk abin da waɗannan itatuwa suka tara tsawon rayuwarsu bai fi hayaƙin wata ɗaya ba. Afirka gaba ɗayanta kuwa abin da take fitarwa bai kai kashi huɗu cikin ɗari na wannan hayaƙi ba. Don haka wanda ya zo ya ce wa tsohuwa mai girki da kara ita ce ke ɗumama duniya, bai yi mata adalci ba.

Wannan lissafi shi ya sa nake ɗari-ɗari da sabon cinikin da ya shigo, inda kamfanin wata ƙasa ke biyan kuɗi domin a ajiye masa sinadarin gawayi a dajin wasu, shi kuma ya ci gaba da hayaƙinsa. Ban ce haramun ne ba, kuma in kuɗin zai isa hannun mai gona, madalla. Amma ina tambaya: wa zai auna, da wane harshe za a rubuta yarjejeniyar, kuma idan fari ya zo itatuwan suka mutu, ko mai gona ya sare ɗaya domin ya yi wa 'yarsa aure, wa zai biya? Ajiyar da ke jigawa, kamar yadda na faɗa, ba ta da tabbas sai da kulawar kowace shekara, kuma mai kulawar ba zai yi ta domin takardar da ba ya iya karantawa ba. Zai yi ta ne domin ƙasar da ta yi baƙi ta fi riƙe ruwa, kuma a shekarar da ruwa ya ɗauke kwana ashirin a tsakiyar damina, wannan riƙon shi ne bambancin mai hatsi da mai bara. Ribar da duniya za ta samu ta biyo baya, kamar yadda ta biyo baya a Maraɗi.

Akwai kuma wani abin da nake tsoro. Gonaki da yawa a yankinmu an bar su ba a nomawa saboda tsoro, sabara da geza sun rufe su. Wanda ke duban hoton tauraro daga nesa zai ga kore ya ƙaru, wataƙila har ya rubuta cewa ƙasa ta farfaɗo. Masu gonakin kuwa suna Ƙaura ko Gusau suna zaman gudun hijira. Irin wannan kore ba abin murna ba ne, kuma ba ya daɗewa, domin dajin da ba shi da mai shi na mai gatari ne da mai ashana.

Mu da ke Sashen Hausa muna da namu aiki a nan, kuma ba ƙarami ba ne. Ilmin da nake magana a kansa yana cikin kalmomi: jigawa da fadama da faƙo da laka, sassabe da saura da toyi, sunayen itatuwa da kirarinsu, da sharuɗɗan da ake yankewa tsakanin mai gona da mai shanu. Tsofaffin da suka san waɗannan suna ƙarewa, waɗansu sun watse a garuruwan da babu gona. Kowace shekara muna rubuta kundayen neman digiri a kan karin magana da waƙoƙin noma, kuma daidai ne, amma ina roƙon malamaina su ba wasunmu izni su tattara kalmomin ƙasa da na itace daga bakin mutanen Zurmi da Shinkafi, sa'an nan a zauna da 'yan'uwanmu na sashen aikin gona a daidaita su da na kimiyya, domin malamin gona ya sami abin da zai faɗa wa manomi, manomi kuma ya sami bakin mayar masa da amsa. Ni dai na fara da abin da ke kusa da ni. A hutun da ya wuce na zauna da baffana, wanda yanzu yake zaune a Ƙaura, na rubuta sunayen itatuwa da tsirrai arba'in da ɗaya da ya ce akwai su a gonakinmu sa'ad da yake yaro. Na tambaye shi gawon nan biyar na kakana. Ya ce rabonsa da gonar shekara uku, amma wani da ya ratsa ta wurin ya gaya masa biyu suna nan tsaye.